Kwana uku kafin in danna "Aika"

Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta aiko yarinya ta kira ni. Na iske ta a ƙofar sito tana nuna buhunan zoɓo da sanda tana ƙirgawa. Muna gama gaisawa ta ce, "'Yar nan, Sha'aban fa ya raba. Yaushe za ki sanar da mutanenki kaya sun haɗu?" Mutanen nawa da take faɗa su ne masu sayen kayanmu na nesa, waɗanda ba su taɓa taka garinmu ba, ba su san fuskar kowa a cikinmu ba, sai saƙon imel da nake tura musu. Na ce sai Talata in Allah ya kai mu. Ta ce, "Wasiƙa ɗaya ce har kwana uku?" Na ce, "E, Gwaggo, kuma yini ɗaya a ciki naku ne."

Ƙungiyarmu ta mata ce, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Muna gyara zoɓo da riɗi, muna yin kantu da man riɗi, ga garin kunun tsamiya da kuka da busasshiyar kuɓewa. Yawancin amfanin yankinmu dillalai ke kwashewa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ko a loda zuwa Dawanau, daga can a yi Legas da shi a sa a jirgin ruwa. Zoɓon Jigawa har Meziko yake kaiwa. Mu kuwa abin da muka tsince da hannu muka ƙulla a leda, shi muke sayar wa masu shaguna a Abuja da Kaduna da Legas da Fatakwal kai tsaye, da wasu 'yan uwanmu mazauna Landan da Jidda da ke aiko 'yan uwansu su karɓa musu. Gwaggo ce shugaba. Ni ce sakatariya, saboda na yi kwalejin ilimi ta Gumel, kuma a hannuna kwamfutar ƙungiya take.

Muna da WhatsApp, a nan ma ake yawan ciniki. Amma mai shago yana son farashi a rubuce, inda zai nemo shi bayan wata biyu, ya tura wa mai riƙe masa lissafi. Shi ya sa imel bai bar mu ba.

Ban fara da rubutu ba. Jerin sunaye na fara buɗewa, mutum 400 da 'yan kai. Kowane suna a ciki na san inda na samo shi. Wasu a baje kolin Kano suka rubuta da hannunsu a littafinmu, a ƙarƙashin layin da ke tambaya ko sun yarda mu riƙa aiko musu da labarin kaya. Wasu sun saya ne na tambaye su a waya. Na bi layi-layi na cire waɗanda saƙon baya ya dawo daga wajensu, na cire wanda ya shiga sau biyu, na gyara inda aka juya harafi aka rubuta gmial. Mutum huɗu sun ce a daina aiko musu. Na tabbatar ba sa ciki, na kuma sake tabbatarwa.

Bara wani saurayi ya same ni a waya ya ce yana da adireshi dubu goma na sayarwa, da araha. Ban saya ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum ikon cewa a daina tura masa talla. Ko babu doka, hankali ma ya isa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa, kuma Gmail na son masu kai ƙarar saƙonka a matsayin na banza su kasa kai uku cikin dubu. A jeri irin namu, mutum biyu suka fusata an wuce iyaka, daga nan saƙonmu ya riƙa faɗawa akwatin tarkace inda ba mai leƙawa, har a wajen waɗanda suke jiransa.

Akwai abin da ya koya mini wannan taka-tsantsan, kuma har yau ina jin nauyinsa. Shekarar da muka fara, adireshi wajen 60 ne gare mu. Na kwashe su duka na zuba a gurbin CC na tura. Ban san cewa kowa zai ga adireshin kowa ba. Bayan kwana biyu wata Hajiya mai shago a Kaduna ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yata, amana na ba ki adireshina. Wa ya ce ki raba wa mutum sittin?" Ashe har wasu sun fara turo mata tallan kayansu. Na ce, "Ranki ya daɗe, kuskurena ne, ki yi haƙuri." Ta haƙura, ba ta daina saye ba, amma babu yadda zan yi in janye abin da ya fita. Magana zarar bunu ce, imel kuwa ya fi ta, don Gmail ma daƙiƙa 30 ce iyakar abin da yake ba ka ka fasa aikawa. Tun daga nan muka koma manhajar da ke tura wa kowa nasa shi kaɗai. Da ma adireshin Gmail na kyauta ba ya wuce mutum 500 a rana, ga shi muna dosar nan. Yayana da ke Kano ya buɗe mana adireshi da sunan ƙungiya, ya saita abubuwa uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Da na tambaye shi amfaninsu, ya ce, "Kin ga shaidar da ake yi wa buhu da fenti a tasha don a san mai shi? To ita ce. Ita ke nuna saƙon daga gare ku ya fito, ba wani ne ya ari sunanku ba."

Abin da ya fi cin mini lokaci a jerin shi ne gaisuwa. Manhajar tana ɗauko sunan mutum ta sa a farkon saƙo, kowa ya ga nasa. Ga waɗanda suka ƙirƙiro ta wannan karramawa ce. A wajenmu kuwa, ka kira dattijon da ya haife ka da sunansa gatsal, ka gama ɓata cinikin tun kafin ya ga farashi. Don haka na ƙara gurbi guda a jadawalin na laƙabi: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama. Wanda ban tabbatar da nasa ba, na bar masa sallama kawai ba suna. Na kuma raba jerin gida biyu, masu karɓar Hausa da masu karɓar Turanci, sannan a cikin na Turancin na ware abokan cinikinmu Kiristoci, don ba daidai ba ne in yi wa mai shago a Fatakwal fatan shiga azumi lafiya alhali ba ya yi. Nasu saƙon ya ce kaya sun iso, kuma zoɓo kan yi tsada in azumi ya kama, gara su saya da wuri.

Sai haruffa masu lanƙwasa. In ka adana jadawali ba ka zaɓi tsarin UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya. Na taɓa ganin zoɓo ya zama zo?o a saƙon gwaji. Wasu kan ce in bar lanƙwasar kawai in huta. Ban yarda ba. Baƙin zoɓo muke sayarwa, wanda ya fi ba da launi, ba bakin zobo ba. Na zaɓi salon rubutu marar ado, wanda ke da haruffan nan a kowace waya, na bar masu kwalliya.

Ranar Lahadi da safe na rubuta saƙon. Bai yi tsawo ba: gaisuwa, abin da ke akwai, farashi, yadda za a biya, yadda kaya za su isa. Taken da na fara sawa cike yake da manyan haruffa da alamar motsin rai har uku, na goge. Irin wannan ihun shi ke sa mutum ya ɗauka 'yan damfara ne. Na koma ga "Zoɓo da riɗin bana sun iso kafin azumi". A waya haruffa 30 zuwa 40 na farko kaɗai ake gani, don haka sunan kaya na sa a gaba. Akwai kuma ɗan layin da ke leƙowa a ƙarƙashin take tun kafin a buɗe saƙo. In ba ka cika shi ba, manhaja takan ɗauko duk abin da ta fara gani. Na rubuta ranar da za mu rufe karɓar oda a wajen.

Bayan la'asar na ɗauki kwamfutar na tafi gidan Gwaggo. An shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Inna ma'aji ta zo da littafinta mai baƙin bango, mata uku na gefe suna tsince riɗi a faifai. Gwaggo ba ta karatun boko, ajami take yi, amma babu ƙulli ɗaya a siton nan da ba ta san da shi ba. Na ce, "Gwaggo, ku saurara, zan karanta a hankali." Ta gyara zama.

Ban kai layi na huɗu ba ta ɗaga hannu. Na rubuta cewa zoɓonmu ya fi na ko'ina kyau a faɗin Najeriya. Ta ce, "Kin zagaya Najeriyar?" Na ce a'a. Ta ce, "To faɗi abin da kika gani. An tsince shi, ba ƙasa, ba kara, an shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba." Haka na rubuta, kuma ya fi na farkon ƙarfi, don abu ne da mai saye zai buɗe leda ya gani da idonsa.

Na juya mata kwamfutar ta ga hoto. Ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ɗebo mata zoɓon bana. Aka kawo a kwano. Ta ɗora a tafin hannunta kusa da allon. "Wannan hoton na bara ne." Gaskiyarta. Na bara ya fi duhu kaɗan, na bana ya ɗan fi ja. Ni a wajena bambancin bai kai a yi magana ba. Ta ce, "Mutumin nan cinikin biri a sama yake yi da mu. Bai ga kaya ba, ya tura kuɗinsa. Hoton nan ne idonsa. In kika ba shi idon bara, kin cuce shi ko da kayan sun fi kyau." Kafin rana ta faɗi muka shimfiɗa farin zane a tsakar gida, na ɗauki sabon hoto, ban ƙara masa launi ba.

Daga nan gyara ya yi ta fitowa. Na ce man riɗi akwai shi a wadace. Inna ta buɗe littafi ta ce kwalba 40 ce, kuma ba za a sake matsa ba sai bayan salla. Muka rubuta kwalba 40, wanda ya riga shi ya samu. Na ce kaya na isa Legas cikin kwana uku. Gwaggo ta ce motar garinmu sai ta cika take tashi, a sauke a Kano, a sake lodi, kuma kusa da azumi tasha cike take. Muka mai da shi mako guda. Ta ce gara ya iso da wuri a yi mana godiya da ya makara a yi ta kiranmu. Na auna garin kunu da kwano, Inna ta ce mai shago a Legas bai san kwanonmu ba, kuma kwano ma wani ya fi wani. Aka ɗauko sikeli aka auna a gabana, na rubuta kilo.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne farashin kantu. Da na karanta, Inna ta ajiye alƙalami ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce, "Wannan kuɗin bara ne. Ko sukarin ba zai mayar ba." Abin da ya faru, saƙon bara na kwafo na gyara a kansa, na canza farashi biyar na tsallake na shida. Ni na karanta saƙon nan ya fi sau biyar da safe ban gani ba, don idona ya riga ya san abin da yake tsammani. Da ya fita haka, ko dai mu sayar da asara don cika alkawari, ko mu bi mutum 400 muna ba da haƙuri. Matan da ke tsince riɗi sun tsaya suna kallona. Kantun nan su suka tsaya a kan wuta suka yi shi. Tun ranar na ɗaukar wa kaina cewa farashi ba za a kwafo shi daga tsohon saƙo ba, daga littafin Inna za a ɗauko, lamba-lamba, tana faɗa ina rubutawa.

Na fassara musu na Turancin ma, jimla-jimla, don kada in yi wani alkawari a can da babu shi a na Hausa.

Litinin ranar gwaji ce. Hazo ya sauko, sola ba ta ja sosai, sai da na kai kwamfutar shagon caji. Sabis a garinmu ya fi ƙarfi a kan tudun bayan makarantar firamare, can na zauna da kujera 'yar tsugunno. Na tura saƙon gwaji wa kaina, da Yaya, da ƙanena mai tsohuwar waya da fasasshen gilashi. Wayar ƙanen nawa na fi ba muhimmanci, don abin da ya karantu a kanta zai karantu a ko'ina. Rubutun ya yi ƙanana, na ƙara masa girma. Hotunan sun ƙi buɗewa da wuri, na rage nauyinsu, don ba zan cinye wa mutum data a kan talla ba. Na kashe hotuna gaba ɗaya na duba yadda saƙon zai kasance ga wanda wayarsa ba ta buɗe su, na ga gurabe fayau. Na koma na rubuta wa kowane hoto bayaninsa, ta yadda ko bai fito ba za a karanta "baƙin zoɓo, ledar kilo ɗaya". Farashi kuwa ban taɓa sa shi a cikin hoto ba, a rubuce yake.

Yaya ya kira ya ce shi allon wayarsa baƙi yake sawa, kuma tambarin ƙungiyarmu ya ɓace, saboda rubutunsa baƙi ne. Na sa masa farin bango. Ya kuma ce in duba ƙasan saƙon. Gmail na yanke saƙon da tsarin rubutunsa ya haura kilobait 102, ya ɓoye sauran, kuma a can ƙasa wurin cire suna yake. Namu bai kai ba. Duk da haka na latsa wurin cire sunan da kaina na ga yana aiki. Ban ƙanƙanta shi ba, ban ɓoye shi ba. Wanda ya gaji da mu ya samu ƙofa a buɗe ya fita salin-alin, ya fi ya kai ƙararmu.

Sannan na bi duk wani wurin latsawa ɗaya bayan ɗaya. Na zuwa WhatsApp ya ƙi. Na duba na ga na bar sifilin farkon lamba, alhali irin wannan mahaɗin da 234 yake farawa, ba sifili, ba alamar tarawa. Na gyara, na latsa, hirar ƙungiya ta buɗe. Lambar asusun banki guda goma ce. Ban tsaya ga karantawa ba, na kwafo ta daga cikin saƙon gwajin, na sa a manhajar banki kamar zan tura kuɗi, har sai da sunan ƙungiyarmu ya fito. Na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinta cewa asusunmu wannan ne kaɗai, duk wanda ya turo wani da sunanmu a kira mu tukuna. Na amsa saƙon gwajin daga wayar ƙanena don in ga inda amsa ke sauka, ta sauka a akwatin da nake dubawa kullum.

Lokacin aikawa ma da lissafi. Alhamis duk muna Maigatari, ba mai amsa waya. Juma'a mutane na haramar masallaci. Na tsayar da Talata ƙarfe 10 na safe: a Landan ƙarfe 9 ke nan a wannan lokaci na shekara, a Jidda 12 na rana, kowa idonsa biyu.

Talata na hau tudun tun tara da rabi. Na sake karanta saƙon daga ƙasa zuwa sama, don ido ya rabu da sabo. Na fara tura wa mutum 20 daga cikin tsofaffin abokan ciniki, na jira. Babu wanda ya kira ya ce ga matsala, ɗaya ma har ya amsa da tambayar kuɗin mota. Ƙarfe 11 saura na zaɓi sauran jerin, na duba cewa na Hausa na kan masu Hausa, na Turanci na kan nasu. Hannuna ya yi sanyi kamar kullum. Na yi bisimilla na danna.

Kafin azahar saƙo uku sun dawo, adireshin sun mutu, na cire su nan take. Mutum ɗaya ya cire sunansa. Manhajar ta nuna adadin waɗanda suka buɗe, amma ban dogara da shi ba, don tun 2021 wayoyin Apple kan buɗe hotunan saƙo da kansu ko mai wayar bai duba ba, sai a ƙirga shi cikin masu karantawa. Amsa nake ƙirgawa. Ta bakwai daga Hajiyar Kaduna ta zo. Ta ce a ajiye mata kwalba goma ta man riɗi da zoɓo kilo 20, ta kuma tambaya ko zoɓon shi ne na cikin hoton.

Na sauko daga tudun na tarar da Gwaggo a ƙofar sito an riga an fito da sikeli. Na karanta mata. Ta ce, "Ce mata shi ne." Sannan ta juya ta ce wa Inna ta rage goma a cikin arba'in.